Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Sabar PostgreSQL Jan Ƙafa da Yadda Ake Gyara Ta

Masu karatu da dama, musamman masu kula da manhajojin makarantu, asibitoci da shagunan sayar da kaya, sun yi ta aiko da tambaya kusan iri ɗaya: manhajar da a da take buɗe shafi nan take yanzu sai an zauna ana jiranta, ma'aikata suna ƙorafi, shugaban wurin kuma ya fara maganar sayen saba mai ƙarfi. Amsata ita ce kada a kashe ko sisi, kada kuma a taɓa wani saiti, sai an auna an ga inda lokacin yake tafiya, domin sau da yawa laifin na tambayoyi biyu ne ko uku, wato umarnin da manhaja ke aika wa rumbun bayanai, da aka rubuta ba daidai ba, ko kuma na wata ma'amala, wato jerin canje-canjen da ake tabbatarwa tare, da aka buɗe aka manta ba a rufe ba. Matakan da ke ƙasa na PostgreSQL ne, manhajar rumbun bayanai, a kan Linux. Mai amfani da MySQL ko SQL Server zai iya bin wannan jeri, sai dai umarnin da wasu bayanan za su bambanta.

Kayan aikin da za a tanada

Ana buƙatar psql, inda ake rubuta wa rumbun umarni, wanda yake zuwa tare da PostgreSQL, sai ɗaya daga cikin pgAdmin 4 ko DBeaver Community ga wanda ya fi son aiki da linzami. A kan sabar kanta a girka htop da sysstat, wanda a cikinsa ake samun iostat. Duka waɗannan kyauta ne. Abin da zai ci kuɗi shi ne saba ta biyu ta gwaji, wadda za a ɗora mata kwafin bayanan gaske, kuma ana iya hayar ta na 'yan kwanaki a kashe ta bayan an gama. Asusun da za ku yi binciken da shi ba sai ya zama na babban mai iko ba, ya isa a ba shi matsayin pg_monitor, wanda yake ba da damar karanta duk ƙididdigar sabar ba tare da ikon goge komai ba.

1. A rubuta matsalar kafin a taɓa komai

Ku rubuta wane shafi ne yake jinkiri, daƙiƙa nawa yake ɗauka, a wane lokaci na yini, kuma tun yaushe aka fara ganin haka. Ku tambayi abin da ya canja a wannan makon: an sabunta manhaja, an shigo da bayanai masu yawa, ko an ƙara sabon rahoto? Idan jinkirin na kowane shafi ne, zato ya fi karkata ga na'urar ko ga kulle, wato wani aiki ya riƙe bayanai ya hana saura taɓa su. Idan kuwa shafi ɗaya ne, to tambayar da ke bayansa za a nema.

Gargaɗi: kada ku kashe sabar ku kunna da nufin ta warware. Yin haka yana share jerin ayyukan da ke gudana, waɗanda su ne shaidar da kuke nema, yana kuma zubar da bayanan da PostgreSQL ya tara a ƙwaƙwalwarsa, sai sabar ta tashi ta fi da nauyi na ɗan lokaci. Matsalar kuma za ta dawo gobe ba tare da kun san sanadinta ba.

2. A duba lafiyar na'urar

Wannan mataki bai wuce minti biyar ba. Umarnin `df -h` zai nuna ko faifan ajiya ya cika, `free -m` zai nuna ko RAM ta ƙare har na'ura ta koma aro daga faifai, htop zai nuna ko firosesa ta ƙure, sai `iostat -x 5` ya nuna yawan jiran da ake yi wa faifai duk bayan daƙiƙa 5. Ku leƙa `dmesg` ku ga ko Linux ya taɓa kashe wani aiki na PostgreSQL saboda ƙarancin RAM.

Masu hayar saba a AWS, na kamfanin Amazon, su lura da abu guda. Ƙananan sabobi na rukunin t3 suna aiki ne da wani tanadin ƙarfi da suke tarawa lokacin da ba su da aiki, kuma faifai nau'in gp2 yana ba da ayyukan karatu da rubutu 3 ne kawai a daƙiƙa ga kowane gigabait, da ɗan ƙari na wucin gadi. Idan tanadin ya ƙare, saba tana iya yin sanyi kwatsam da tsakar rana ba tare da an canja komai ba. Faifai nau'in gp3 yana farawa ne daga 3,000 komai ƙanƙantarsa, saboda haka idan faifai ne matsalar, sauyawa zuwa gare shi yakan wadatar.

Gargaɗi: idan kuka tarar babban fayil ɗin pg_wal, inda PostgreSQL ke fara rubuta kowane canji, shi ne ya cinye faifai, kada ku goge komai a cikinsa da hannu, domin hakan yana iya lalata rumbun gaba ɗaya. Ku duba `pg_replication_slots`, galibi za ku sami wani gurbin kwafi da aka daina amfani da shi yana hana a share tsofaffin fayiloli, ko kuma umarnin adana su ne yake ta faɗuwa.

3. A ga abin da ke gudana a yanzu

A daidai lokacin da jinkirin yake faruwa, ku shiga psql ku rubuta:

```
SELECT pid, usename, state, wait_event_type,
       now() - xact_start AS tsawo,
       pg_blocking_pids(pid) AS masu_tarewa,
       left(query, 80)
FROM pg_stat_activity
WHERE state <> 'idle'
ORDER BY xact_start;
```

Idan kuka rufe umarnin da `\watch 5` a maimakon alamar ƙarshe, zai riƙa maimaita kansa duk bayan daƙiƙa 5. Abubuwa biyu ake nema. Na farko shi ne layukan da ke nuna `Lock` a ginshiƙin jira, waɗanda ke nufin suna tsaye ne suna jiran wani ya saki kulle, kuma lambar mai tare su tana ginshiƙin masu_tarewa. Na biyu shi ne duk wanda ke cikin halin `idle in transaction` na tsawon mintuna ko awanni. Wannan ya buɗe ma'amala, ya riƙe kulle, sannan ya tafi ya bar ta, kuma bayan tare wasu da yake yi, yana hana sabar share matattun layuka, abin da za mu zo kansa a mataki na 7.

Sau da yawa mai wannan laifi ba manhaja ba ce, ma'aikaci ne da ya buɗe DBeaver. Idan aka sanya wa haɗi nau'in Production a DBeaver, ba ya tabbatar da canji da kansa sai an danna Commit, wanda tsari ne mai kyau na kariya, amma wanda ya gyara layi ɗaya ya tafi sallar Azahar bai danna ba, zai iya tsayar da ofis gaba ɗaya har ya dawo.

Don sakin hanya, a fara da `SELECT pg_cancel_backend(lamba);` wanda yake tsayar da tambayar kawai. Idan bai yi ba, ko kuma haɗin ba ya gudanar da komai sai riƙon kulle, sai a yi `pg_terminate_backend(lamba)`, wanda yake yanke haɗin ya mayar da duk abin da ba a tabbatar ba. Waɗannan biyun suna buƙatar matsayin pg_signal_backend idan haɗin ba naku ba ne.

Gargaɗi: kada ku yi amfani da `kill -9` a kan wani aiki na PostgreSQL. Sabar za ta ɗauka an yi hatsari, ta yanke haɗin kowa da kowa, ta shiga aikin farfaɗowa.

4. A gano tambayoyin da suka fi cin lokaci

Idan babu kulle, sai a koma ga pg_stat_statements, mai tara ƙididdigar lokacin da kowace tambaya ke ci, wanda a ganina bai kamata a sami sabar aiki da ba ta da shi ba. Ana ƙara sunansa a `shared_preload_libraries` cikin postgresql.conf, a sake kunna sabar sau ɗaya a lokacin da babu jama'a, sannan a rubuta `CREATE EXTENSION pg_stat_statements;`. Ku bar shi ya tara bayani na aƙalla yinin aiki guda, sannan:

```
SELECT calls, round(total_exec_time) AS jimla,
       round(mean_exec_time) AS matsakaici,
       left(query, 100)
FROM pg_stat_statements
ORDER BY total_exec_time DESC
LIMIT 10;
```

Waɗannan sunayen ginshiƙai na siga ta 13 ne zuwa sama, a tsofaffin sigogi `total_time` da `mean_time` ake kiransu. Lokacin da ake nunawa da milisakan ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne bin tambayar da ta fi daɗewa a gudu ɗaya. Ku ɗauki misalin rahoton da ke cin daƙiƙa 30 amma sau 20 ake kiransa a yini, jimlarsa daƙiƙa 600 ke nan. Wata ƙaramar tambaya kuma mai cin milisakan 20 da ake kira sau 500,000 ta cinye daƙiƙa 10,000. Ta biyun ce take danne sabar, ko da yake babu wanda ya taɓa kawo ƙararta. Shi ya sa ake jera su bisa jimla.

Idan kuka ga ƙaramar tambaya da adadin kiranta ya wuce hankali, ku duba lambar manhajar, domin alama ce ta cewa ana ɗauko jerin ɗalibai ne, sannan a koma a tambayi kuɗin makarantar kowane ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, maimakon a haɗa su a tambaya guda. Wannan aibi yana ƙara muni idan manhajar tana kan na'ura a Kano ko Legas, rumbun kuma yana Landan ko Frankfurt. In har kowace tafiya da dawowa tana cin milisakan 100, shafin da ke aika tambayoyi 200 a jere zai ɗauki daƙiƙa 20 alhali sabar ba ta yi wani aikin kirki ba. Babu saitin da zai gyara wannan, sai dai a rage yawan tambayoyin, a kuma ajiye manhaja da rumbu a cibiya ɗaya.

Wanda ba zai iya sake kunna sabar yanzu ba, ya sanya `log_min_duration_statement = 500`, ya rubuta `SELECT pg_reload_conf();`, sai duk tambayar da ta wuce rabin daƙiƙa ta shiga kundin rajista, inda pgBadger zai iya tattara su ya fitar da rahoto. Gargaɗi: kada a sanya shi 0 a sabar da ke da cunkoso a manta, domin zai rubuta kowace tambaya har faifai ya cika.

5. A karanta tsarin da sabar take bi

Ku ɗauki tambayar da ke saman jerin, ku cika ta da ƙimomi na gaske, ku sa mata `EXPLAIN (ANALYZE, BUFFERS)` a gaba.

Gargaɗi, kuma a karanta shi kafin a danna komai: ANALYZE yana gudanar da tambayar da gaske. Idan UPDATE ce ko DELETE, za ta canja bayanai. A fara da `BEGIN;`, a yi binciken, a rufe da `ROLLBACK;`, kuma ya fi kyau a yi shi a sabar gwaji.

Ana karanta sakamakon daga layukan da suka fi shigewa ciki zuwa waje. Lambobin `cost` ƙiyasi ne na sabar, ba lokaci ba ne, saboda haka `actual time` za ku duba, ku kuma ninka shi da `loops`, domin matakin da ke cin milisakan 2 amma aka maimaita shi sau 5,000 ya ci daƙiƙa 10. Daga nan sai ku nemi waɗannan alamu. Idan akwai `Seq Scan` a kan babban tebur tare da `Rows Removed by Filter` mai yawan gaske, sabar ta karanta tebur ɗin duka ne don ta fitar da layuka kaɗan, wato fihirisa ta rasa, jerin da ke kai ta ga layin da ake nema kai tsaye. Idan adadin layukan da ta yi ƙiyasi ya yi nesa da wanda ta samu, misali ta zaci 10 ta tarar da 80,000, to ƙididdigarta ta tsufa, sai a rubuta `ANALYZE sunan_tebur;` a sake gwadawa, kuma sau da yawa wannan kaɗai yana warware matsalar da ta biyo bayan shigo da bayanai masu yawa. Idan kuka ga `external merge Disk` a wurin jerawa, aikin ya fi ƙarfin work_mem ne, wato RAM ɗin da aka ware wa jerawa, ya zuba a faifai. A layin Buffers kuwa, `hit` na nufin an samu a ƙwaƙwalwar PostgreSQL, `read` na nufin sai da aka nemo daga waje.

Ba kowane `Seq Scan` ne aibi ba. A ƙaramin tebur, ko inda tambayar take buƙatar mafi yawan layukan, karanta tebur ɗin kai tsaye ya fi sauri, kuma sabar ta san haka.

pgAdmin yana zana wannan tsari da hoto, abin da ke taimaka wa mai koyo ƙwarai. Sai dai kada ku auna saurin tambaya da DBeaver kawai, domin layuka 200 na farko yake ɗaukowa ya tsaya, sai tambaya ta yi kamar mai sauri alhali manhajar da ke ɗauko duka tana shan wahala. Akwai kuma shafukan intanet da ake liƙa wannan sakamako su fayyace shi, amma ku tuna cewa yana ɗauke da ƙimomin da kuka sa, waɗanda za su iya zama sunayen marasa lafiya ko lambobin waya, don haka a goge su tukuna.

6. A ƙara fihirisa ko a gyara rubutun tambayar

PostgreSQL yana yi wa babban makullin tebur fihirisa da kansa, amma ba ya yi wa ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur. Ginshiƙi irin dalibi_id a teburin biyan kuɗi shi ne wurin farko da ya kamata a duba, kuma `\d biyan_kudi` a psql zai nuna fihirisar da ke akwai. Ana ƙirƙirar ta haka:

```
CREATE INDEX CONCURRENTLY idx_biya_dalibi_rana
ON biyan_kudi (dalibi_id, ranar_biya);
```

Jerin ginshiƙan yana da muhimmanci: wanda ake nema da daidaito shi ne a gaba, wanda ake nema da tazara, kamar kwanan wata, ya biyo baya.

Gargaɗi: idan aka bar kalmar CONCURRENTLY, babu mai iya rubuta komai a tebur ɗin har a gama, wanda a babban tebur zai iya ɗaukar mintuna masu yawa. Ita kuma wannan hanya ba ta aiki a cikin BEGIN, kuma idan ta faɗi a tsakiya tana barin fihirisa mai alamar INVALID, wadda dole a goge ta a sake.

Wani lokaci fihirisar tana nan, rubutun tambayar ne yake hana a yi amfani da ita. `WHERE date(ranar_biya) = '2025-01-15'` yana tilasta wa sabar lissafa kowane layi, amma `WHERE ranar_biya >= '2025-01-15' AND ranar_biya < '2025-01-16'` yana ba da amsa ɗaya ta hanyar fihirisa. Neman suna da `LIKE '%musa%'` ba ya amfana da fihirisa ta yau da kullum, sai an girka pg_trgm an yi masa fihirisa nau'in GIN. Haka kuma `OFFSET 100000` yana sa a karanta layuka 100,000 a zubar kafin a ba da 20 da ake so.

Kada murnar fihirisa ta sa a yi wa kowane ginshiƙi, domin kowace ɗaya tana ƙara wa rubutu nauyi tana kuma cin faifai. `pg_stat_user_indexes` zai nuna waɗanda `idx_scan` ɗinsu yake 0, amma kafin a goge, a tabbata ba ta hana maimaici ba ce, ba kuma ta rahoton ƙarshen zango ko ƙarshen shekara ba ce da lokacinsa bai zo ba.

7. A duba matattun layuka

Duk lokacin da aka gyara ko aka goge layi, tsohon yana nan a tebur har sai autovacuum ya zo ya share. A saitin asali ba ya zuwa sai matattun sun kai kashi 20 cikin 100 na tebur, wato a tebur mai layuka miliyan 10 sai sun kai miliyan 2. Ku duba `n_dead_tup` da `last_autovacuum` a `pg_stat_user_tables`, ku rage ma'aunin ga manyan teburan da ake yawan gyarawa:

```
ALTER TABLE biyan_kudi
SET (autovacuum_vacuum_scale_factor = 0.02);
```

Gargaɗi: kashe autovacuum don an gan shi yana cin ƙarfi gyaran gangar Auzinawa ne, domin teburan za su kumbura, daga ƙarshe kuma sabar tana iya ƙin karɓar rubutu don kare bayananta. `VACUUM FULL` kuma yana kulle tebur ga mai karatu da mai rubutu, yana buƙatar filin da zai ɗauki sabon kwafinsa, don haka ba a yin sa da rana. Inda ba a iya tsayar da aiki, pg_repack ne mafita.

8. Sai yanzu a taɓa saiti

Saitin asali na PostgreSQL an yi shi ne don ya tashi a kan ƙaramar na'ura. `shared_buffers`, wato RAM ɗin da PostgreSQL ke tara bayanai a ciki, yana zuwa da 128MB, kuma shawarar da aka saba bi ita ce a kai shi kusan kashi 25 cikin 100 na RAM a sabar da ba ta da wani aiki sai rumbu, sannan a sake kunnawa. `effective_cache_size` ba ya ware komai, yana gaya wa sabar ne kawai yawan RAM da za ta sa ran samu, ana kuma kai shi rabi zuwa kashi uku cikin huɗu. A faifan SSD ana sauke `random_page_cost` daga 4 zuwa wajen 1.1.

`work_mem` shi ne tarkon. Asalinsa 4MB ne, amma ba na sabar duka ba ne, na kowane aikin jerawa ne a cikin kowace tambaya. Idan aka kai shi 64MB, haɗi 100 kuma kowanne yana jerawa biyu a lokaci guda, an nemi fiye da 12GB. Ya fi aminci a ɗaga shi ga mai rahoto kaɗai da `ALTER ROLE mai_rahoto SET work_mem = '64MB';`. Haka ma `max_connections`, wanda asalinsa 100 ne: idan ana samun saƙon cewa haɗi ya cika, kai shi 1,000 ƙara wa sabar kaya ne kawai, tunda kowane haɗi aiki ne mai zaman kansa a Linux. PgBouncer ake sawa a tsakani, ya karɓi ɗaruruwan haɗi ya raba musu 'yan kaɗan na gaske.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagora: za ku ci karo da masu cewa a kashe `fsync`, wanda ke tabbatar da cewa canji ya sauka a faifai, don sauri. Kada ku yi. Ɗaukewar wuta sau ɗaya tana iya lalata rumbun ta yadda sai dai a dawo da kwafin ajiya, kuma duk wanda sabarsa ke ofis tana jiran a tada janareta ya san wannan ba abu ne mai nisa ba. Irin wannan saba tana buƙatar UPS ko inbata mai riƙe ta har wuta ta dawo ko a kashe ta cikin tsari.

9. A sake aunawa, canji ɗaya bayan ɗaya

Kafin kowane canji a tabbata akwai kwafin ajiya na pg_dump da aka gwada dawo da shi a sabar gwaji. Bayan canjin a rubuta `SELECT pg_stat_statements_reset();`, a bar yinin aiki ya wuce, a kwatanta da lambobin da aka rubuta a mataki na 1 da na 4. Idan aka yi canji biyar a dare ɗaya, ba za a san wanda ya taimaka da wanda ya cutar ba. Ku ajiye kowane umarni da kwanan watansa a ma'ajiyar Git ta manhajar, domin fihirisar da aka ƙara da hannu a pgAdmin ba a rubuta ba takan ɓace ranar da aka koma sabuwar saba.

Don kada matsalar mataki na 3 ta dawo, a sanya `idle_in_transaction_session_timeout` na 'yan mintuna, a kuma sanya wa asusun manhajar `statement_timeout`, amma ba a sabar duka ba, don kada ya yanke ayyukan dare masu tsawo.

Idan bayan duk wannan manyan tambayoyin suna bin fihirisa, babu kulle, amma iostat yana nuna faifai a ƙure, ko Buffers yana nuna `read` mai yawa a kan bayanan da ake nema kullum, to lokacin ƙara ƙarfi ya yi, kuma lambobin da kuka tara za su nuna ko RAM ce ake buƙata, ko faifai mai sauri, ko saba ta biyu da za a mayar wa rahotanni. A wurin masu ba da haya, ninka girman saba yakan ninka kuɗin wata, da dala kuma ake biya, don haka a fara da mataki ɗaya sama, a sake aunawa na mako guda kafin a ƙara wani.